Faki Sambo, Abdulkarim da Wasannin Girkawa da Ba Su Iso Mana Ba

In ka tsaya a kan gadar Garwa ka bi ruwan Binuwai da ido yana gangarawa yamma wajen Yola, can gaba akwai inda kogin Faro yake zubawa a cikinsa. A wannan mahaɗa ne, ranar 18 ga Yunin 1851, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shiga kwalekwale ya tsallaka, yana tahowa daga Kukawa zai je Yola. Mutanen ƙasashenmu da sunan Abdulkarim suka san shi. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a Yola ba, 'yan kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi ya koma Barno. Wannan kowa ya ji shi a darasin tarihi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, asalin karatun Abdulkarim na Girkawan dauri ne. A Jami'ar Balin ya zauna gaban August Böckh, ɗaya daga cikin manyan masana adabin Girka na zamaninsa, kuma digirin da ya kammala a 1844 a kan cinikin tsohon birnin Korinti ya rubuta shi.

A shekarar 1852 ya bi ta Logone-Birni, wadda yau take cikin Kamaru, ya shiga ƙasar Bagarmi har Masenya, a Cadi ta yanzu. Can ya haɗu da wani dogon Bafillace makaho da ake kira Faki Sambo, wanda ya yi shekaru yana karatu a Azhar. Abdulkarim ya rubuta cewa wannan malami ya karanta abin da aka fassara zuwa Larabci na Arisɗo da Aflaɗon, har yana da kundinsa rubutun hannu. Suka shaƙu, kusan kullum suna zaune suna hira.

Ga mutum biyu a kan tabarma ɗaya, kowanne ya ci gadon Girkawa, amma ta hanya daban. Sai dai akwai wani kaso na gadon da ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba. A 1841, shekarar da Modibbo Adama ya kafa Yola, an shirya wasan Antigoni na Sofokilis a fadar sarkin Furusiya da ke Potsdam, kuma Böckh, malamin Abdulkarim, yana cikin masu ba da shawara kan yadda za a yi shi. Faki Sambo kuwa, duk zurfin karatunsa, hanyar Larabci ba ta ɗauko masa wasan Girkawa ko ɗaya ba. Tambayar da ta daɗe tana damuna ke nan a matsayina na ma'aikacin rediyo: me ya sa hikimar Girkawa ta iso zaurukanmu amma wasan kwaikwayonsu ya tsaya a hanya, kuma wa ya riƙe wanda ya tsira?

Bari mu fara da wasan kansa. A birnin Atina, cikin ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai babban biki da ake yi kowace shekara wajen watan Maris domin wani abin bautarsu mai suna Diyonisus. Hukuma ke zaɓar marubuta uku na wasan alhini, kowanne ya kawo wasa huɗu: uku na alhini, na huɗu na raha. Masu wasan ban dariya kuma suna da tasu gasar. Dubban mutane ke zama a gefen tudu, a fili, tun da safe. 'Yan wasa duk maza ne, ba su wuce uku masu magana ba, suna sauya fuskar aro su zama mutum daban-daban. Akwai 'yan amshi goma sha biyu, daga baya suka zama sha biyar, masu waƙa da rawa suna tofa albarkacin bakinsu kan abin da ke faruwa. Wani attajiri ake ɗora wa ɗawainiyar 'yan amshi, alƙalai goma da aka fitar ta ƙuri'a su yanke wanda ya ci.

Ba wasan yara suke yi ba. Ɗauki Antigoni. 'Yan'uwa biyu sun kashe juna a kan sarauta, sabon sarki Kiriyon ya hana a binne ɗaya daga cikinsu don ya yaƙi garinsa. 'Yar'uwarsu ta ce akwai dokar da ta fi ta sarki, ta je ta rufe gawar da ƙasa. Sarki ya sa aka kulle ta a kogo da ranta, kafin ya sauko daga dokin zuciya ta rataye kanta, ɗansa da ke neman aurenta ya bi ta, matarsa ma ta bi ɗanta. Duk wanda ya san nauyin jana'iza a wurinmu ba sai an yi masa sharhi ba. Har tarar kuɗi an taɓa ci wa marubuci. Hirodotus ya ba da labarin Firinikus, wanda ya yi wasa kan yadda Farisawa suka ci birnin Miletus a 494 kafin Miladiyya. 'Yan kallo suka yi ta kuka, sai aka ci shi tarar dirhami 1,000 don ya tuna musu da masifar 'yan'uwansu, aka kuma hana sake yin wasan. Wannan wasa ya ɓace.

Ɓacewa ita ce makomar mafi yawansu. Yi lissafi: wasa 12 kowace shekara a gasar alhini kaɗai, cikin shekara ɗari ka sami kimanin 1,200. Abin da ya rage cikakke 33 ne, duk da sunan mutum uku. Eskilus ya rubuta fiye da 70, saura 7. Sofokilis ya rubuta kimanin 120, saura 7. Yurifidis ya rubuta kimanin 90, saura 19. A cikin waɗannan ma akwai biyu da masana ke ja cewa ba na waɗanda aka jingina wa ba ne. A ɓangaren ban dariya Aristofanis ya tsira da 11 cikin kimanin 40. Mafi tsufa a duka shi ne Farisawa na Eskilus, wanda aka yi a 472 kafin Miladiyya, shekara takwas bayan yaƙin ruwa na Salamis da yake ba da labarinsa.

Babban sashe na binciken jami'o'i kan adabin Girka bin sawun waɗannan 'yan kaɗan ne, daga hannu zuwa hannu, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Hannu na farko na wani ɗan siyasar Atina ne mai suna Likurgus. Wajen 330 kafin Miladiyya ya ga 'yan wasa suna ƙara nasu cikin tsofaffin wasanni, sai ya kafa doka a rubuta kwafin hukuma na mutanen nan uku a ajiye, kuma kada ɗan wasa ya kauce wa abin da ke ciki. Hannu na biyu yana nan Afirka, a Iskandariya. Jalinus, likitan nan da malamanmu na ɗibbu suka san sunansa, ya ruwaito cewa sarkin Masar Batlimus na uku ya ari waɗannan kwafi don a juya, ya ajiye jinginar talanti 15 na azurfa, wato kusan kilo 400. Da aka gama sai ya riƙe na asali, ya mayar musu da sababbi, ya ce su ci jinginar. A ɗakin karatun Iskandariya aka tace nassin aka yi masa gabatarwa, Kalimakus kuma ya rubuta jerin marubuta da littattafansu cikin naɗi 120. Da irin wannan jeri, da wanda Arisɗo ya tattara na waɗanda suka ci gasa, muka san sunayen ɗaruruwan wasannin da ba mu da su.

Hannu na uku na malaman makaranta ne. A zamanin Rumawa karatu ya taƙaita ga wasu zaɓaɓɓu: bakwai na Eskilus, bakwai na Sofokilis, goma na Yurifidis. Abin da yara ke karantawa shi ake juyawa, abin da ba a juya ba gara da danshi suka cinye. To ina sauran tara na Yurifidis suka fito? Masana sun lura cewa sunayensu duk suna farawa da haruffa huɗu da ke kusa da juna a abajadin Girkanci. Ma'ana, wani gutsure ne na cikakken tarin ayyukansa da aka jera bisa haruffa ya kuɓuta, aka juye shi a kundi guda a ƙarni na 14, kundin da malamin Tasalonika Dimitiriyus Tirikiliniyus ya yi wa gyara. Da wannan kundi ya faɗa wuta kafin a kwafe shi, da rabin Yurifidis ya tafi. Haka kuma a 1423, shekara talatin kafin Turkawa su ci Kustantiniya, wani ɗan Italiya mai suna Giovanni Aurispa ya dawo gida da littattafan Girkanci 238. Ta hannunsa ne wani kundi na ƙarni na 10 mai ɗauke da Sofokilis da Eskilus ya isa Fulorans, inda yake har yau. Akwai wasan Eskilus guda da ta wannan kundi kaɗai ya iso mu. Daga nan sai maɗaba'ar Aldus ta Banis ta buga Sofokilis a 1502, Yurifidis a 1503, Eskilus a 1518. Wannan ita ce hanyar da ta kai wasannin ga malamin Abdulkarim.

Hanyar Faki Sambo ta Bagadaza ce. A zamanin Abbasiyawa, musamman daga mulkin Ma'amun (813 zuwa 833), an zuba dukiya wajen fassara littattafan Girkawa. Hunainu ɗan Ishaƙu, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa suka juye Jalinus kusan gaba ɗaya zuwa Suryananci da Larabci. An fassara lissafi, taurari, mantiƙi da falsafa. Ba a fassara wasan kwaikwayo ba. Masana na kawo dalilai. Masu biyan kuɗin fassara abin da zai warkar da ciwo ko ya kaifafa hujja suke nema. Larabawa suna da waƙarsu da suke alfahari da ita, ba su ga buƙatar aro ba. Wasannin cike suke da gumakan Girkawa. Sannan dandalin da ake yin su ya daɗe da mutuwa ƙarnoni kafin a gina Bagadaza, babu wani mai rai da ya taɓa kallon su.

Littafi ɗaya ne ya ratsa wanda ke magana kan wasa, shi ne Littafin Waƙa na Arisɗo. Ya ratsa ne don a tsarin da Larabawa suka gada ana ƙirga shi na takwas cikin littattafan mantiƙi. Abu Bishir Matta ɗan Yunus, wanda ya rasu a 940, ya fassara shi daga Suryananci. Da ya iso kalmar wasan alhini sai ya sa madahu, wato yabo. Da ya iso wasan ban dariya sai ya sa hija'i, wato zambo. Kada a yi masa dariya. Kamar a ba mutumin da bai taɓa ganin ƙwallo ba littafin dokokin ƙwallo ne a ce ya fassara: dole ya nemi abin da ya sani ya ɗora. Ibnu Sina ya yi sharhi a kai, Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, shi ma ya yi, ya cika shi da misalai daga Imru'ul Ƙaisi da Mutanabbi. Dandali da 'yan wasa da 'yan kallo duk sun zube a hanya. Duk da haka fassarar Matta tana da daraja a yau, domin asalinta wani kwafin Girkanci ne da ya girmi duk waɗanda suka rage, mafi tsufansu kuwa na ƙarni na 10 ne da ke Faris. Shi ya sa D. S. Margoliouth ya buga ta a 1887, kuma a 2012 Leonardo Tarán da Dimitri Gutas suka yi amfani da ita wajen fitar da sabon tataccen nassi. Mai son ya gane abin da Arisɗo ya faɗa kan Sofokilis, sai ya bi ta Larabci.

Mantiƙin kuwa ya iso har gida. Shaihu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta waƙa kan mantiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar wanda ke ganin haramcinsa. Hujjar Maghili ita ce a auna magana da gaskiyarta, ko daga bakin wa ta fito. Littafin Isaguji na Abhari da ake karantawa a zaure, sunansa ma kalmar Girkanci ce mai nufin gabatarwa. Sullamu na Akhdari, wanda aka rubuta a ƙarni na 16, almajirai na haddace shi har gobe. A daular Sakkwato, Abdulƙadir ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, ya yi rubuce-rubuce kan falsafa. Saboda haka Faki Sambo ba daga sama ya faɗo ba, gidan karatu ne mai tsohon tushe ya fito da shi. Adabin Girkawa na labari da wasa sai a ƙarni na 20 ya shigo Larabci sosai: Sulaimanu Bustani ya buga fassarar Iliyada ta Homa a Alƙahira a 1904, Ɗaha Husaini ya fitar da wasannin Sofokilis a 1939.

Akwai hanya ta uku, ita ma a Afirka, kuma ta bola ce. A Bahnasa, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira, akwai kufan tsohon garin Okzirinkus. A hunturun 1896 zuwa 1897 wasu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suka fara tona jujin garin da ma'aikata Misirawa. Rashin ruwan sama ya sa takardun da mutane suka watsar shekara dubu ɗaya da ɗoriya ba su ruɓe ba. An kwashe gutsattsari kimanin rabin miliyan zuwa Oksfod, kuma har yau ba a gama karanta su ba. A ciki aka sami kimanin layi 400 na wani wasan raha na Sofokilis da ya ɓace, aka buga a 1912. Menanda, wanda dā guntayen maganganunsa kawai aka sani, a 1958 aka fito da wasansa guda kusan cikakke daga wata takardar Masar da ke Janiba. Ko a 2022 masu tono na Masar sun sami takarda a wata maƙabarta a Fayyum mai kusan layi ɗari daga wasanni biyu na Yurifidis da suka ɓace, aka buga a 2024.

Da wasannin suka iso yankinmu ta hanyar boko, marubuta ba su ɗauke su baƙi ba. Ola Rotimi ya mayar da labarin Idifus ƙasar Yarbawa a 1968, Wole Soyinka ya sake ɗinka wani wasan Yurifidis a 1973, kuma Nelson Mandela ya taɓa fitowa a matsayin Kiriyon a kurkukun tsibirin Robben. Mu ma ba mu rasa abin da za mu gane su da shi ba. Aristofanis ya yi wa Kiliyon, babban ɗan siyasar Atina, tsiya a gaban jama'a a 424 kafin Miladiyya ya kuma ci gasa. Mu muna da wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu. Muna da tashe daga goma ga azumi, muna da kalankuwa bayan girbi, a Diyamare kuma akwai mbooku na Fulani mai jagora da 'yan amshi. Da a ce littafin Arisɗo hannun mutumin da ya taso yana kallon tashe ya faɗa, ina jin da ya fi Matta gane abin da ake nufi.

A nan ne labarin ya dawo kaina. Na taɓa aiki a wani gidan rediyo inda aka aike ni ɗakin ajiya in nemo tsohon faifai. Na tarar da kwalaye a ƙasa, ruwan damina ya shiga wasu. Akwai naɗi da yawa babu rubutu a bayansu, wasu kuma an goge wasan kwaikwayon da ke ciki an ɗora sanarwar biki, saboda lokacin babu kuɗin sabon faifai. Na sa guda a na'ura na ji muryoyin dattawa suna wasa kan rikicin gado, wasa mai kyau ƙwarai, amma ba wanda ya iya gaya mini sunansu ko shekarar da aka yi shi. Ban zargi kowa ba, domin ni ma na sha goge shirin jiya don in sami wurin na yau.

Dubi wasannin Shu'aibu Maƙarfi. A rediyo suka fara, amma da yake an buga Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu an kuma sa su a manhaja, ga su nan yara na karantawa. Haka Wasan Marafa na Abubakar Tunau. Nawa ne takwarorinsu da iska ta ɗauke? Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa wanda ya rasu a Maiduguri a 2004, ya yi shekaru yana bin fadojin lamiɓe da na'urar ɗaukar magana, da ita ya ceto tarihin garuruwanmu daga bakin dattawan da yanzu duk sun kwanta dama. Irin wannan aiki wasan kwaikwayonmu yake jira. Yanzu muna da jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, a Garwa tun 2022. Aikin ba boyayye ba ne, Girkawa sun riga sun nuna shi: a juye faifan zuwa kwamfuta a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a rubuta jeri mai sunan wasa da 'yan wasa da shekara tun masu tunawa suna raye, a zaɓi mafi kyau a rubuta su a kai aji. Masar ta ci sa'ar yashi busasshe da ya riƙe mata bolarta shekara dubu biyu. Ƙasar Binuwai ruwa gare ta da gara, abin da muka watsar ba mai tono shi.

Mai karatu, in akwai kaset a akwatin mahaifinka, na tashe ne ko na wasan rediyo, kada ka ba yara su ja zarensa. Nemi alƙalami ka rubuta abin da ka sani a bayansa, sannan ka nemi mai juye shi. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu iya riƙe abin da suka bar mana.